Ina kuɗin Mark Twain suka tafi?

Tambaya: Malam, na sha jin cewa Mark Twain, marubucin nan na Amurka, ya taɓa karyewa har sai da ya zaga duniya yana lacca don ya biya bashi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce a zamaninsa da wuya a sami marubucin da ya kai shi ciniki. To ina kuɗin suka tafi? Kuma shi wane ne tun asali?

Amsa: Maganar haka take, Malam. Sai dai kada ka ɗauka rubutu ne ya kasa riƙe shi. Abu biyu ne suka kai shi ƙasa: kamfanin buga littattafai da ya kafa a 1884, da wata na'urar jera haruffa da ya yi shekara 14 yana ɗura wa kuɗi. Dukansu biyun kuwa tushensu ɗaya, wato maɗaba'ar da ya tashi a cikinta tun yana yaro. Saboda haka daga can ya kamata mu faro.

Sunansa na yanka Samuel Langhorne Clemens. An haife shi ranar 30 ga Nuwamba 1835 a wani ƙauye mai suna Florida a jihar Missouri, iyayensa suka koma garin Hannibal da ke bakin kogin Misisipi yana ɗan shekara huɗu. A lokacin Missouri jihar bauta ce, ya taso yana ganin bayi a gidansu da kuma gonar mijin ƙanwar mahaifiyarsa, yana sauraren tatsuniyoyinsu. Mahaifinsa ya rasu a 1847 bai bar komai ba, ba da jimawa ba aka cire yaron daga makaranta aka kai shi koyon aiki wurin wani mai buga jarida, Joseph Ament. Daga baya ya koma jaridar yayansa Orion.

Ka riƙe yadda aikin yake, don nan gaba za mu bukace shi. A wancan zamani kowane harafi ɗan guntun darma ne, yana da gurbinsa a cikin wani faffaɗan akwati. Aiki uku ne a kan mai jera haruffa. Na farko ya tsinto haruffa ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan ɗan maƙalin ƙarfe da ke hannunsa na hagu. Na biyu, idan layi ya kusa cika, ya riƙa cusa siraran darma tsakanin kalmomi har layin ya yi daidai da faɗin shafi, ba ragi ba ƙari. Na uku, bayan an gama bugu, a wanke haruffan, ya mayar da kowanne gurbinsa. Clemens ya yi shekaru yana wannan, a Hannibal, da St. Louis, da New York, da Philadelphia. Nan ya yi karatunsa na gaskiya, domin duk abin da za a buga sai ya bi ta yatsunsa.

A 1857 ya bar maɗaba'a ya shiga kogi. Ya yi ciniki da wani matuƙin jirgin ruwa mai tururi, Horace Bixby, a kan dala 500 ya koya masa hanyar da ke tsakanin St. Louis da New Orleans, tafiyar kimanin kilomita 2,000 wadda sai an haddace kowace kwana da kowane tudun yashi, dare da rana. Ya sami lasisi a Afrilun 1859, albashin matuƙi kuwa na iya kaiwa dala 250 a wata, kuɗi mai kauri a lokacin. A kogin ne kuma ya rasa ƙanensa Henry, wanda tukunyar jirgin Pennsylvania ta fashe da shi a Yunin 1858, kuma shi ne ya samo masa aikin. Yaƙin basasa ya rufe kogin a 1861. Ya yi mako biyu cikin wata ƙungiyar sa-kai ta 'yan Kudu, ya watsar, ya bi Orion zuwa Nevada. Ya gwada haƙar azurfa bai sami ko ƙwandala ba, sai ya kama aikin jarida a Virginia City. A can ne a Fabrairun 1863 ya fara sa hannu da sunan Mark Twain, wanda kiran ma'aunan zurfin kogi ne idan ruwa ya kai gaba biyu.

Labarin wani ɗan caca da kwaɗonsa mai tsalle, wanda wata jaridar New York ta buga a Nuwamban 1865, shi ya fara fito da sunansa. A 1866 ya je tsibiran Hawaii a matsayin wakilin jarida, da ya dawo ya hau dandamali a San Francisco ya ba da labarin tafiyar, mutane suka biya suka cika zauren. Daga ranar ya san yana da sana'a ta biyu, kuma ita ce ta fitar da shi kunya bayan shekara 30.

Yanzu ga yadda kuɗin suka shigo. A 1867 wata jaridar Kalifoniya ta biya masa kuɗin jirgin Quaker City zuwa Turai da Gabas ta Tsakiya, yana aiko mata da wasiƙu. Wani mai buga littattafai a Hartford, Elisha Bliss, ya nemi ya mayar da wasiƙun littafi, ya ba shi zaɓi: ko ya karɓi dala 10,000 a dunƙule, ko kashi 5 cikin 100 na kuɗin kowane kwafi. Ya ɗauki kashi 5. Littafin, The Innocents Abroad, ya fito a 1869, aka sayar da kusan kwafi 70,000 a shekarar farko. Mai bango mafi araha dala 3.50 ne. Idan ka buga lissafi a kan wannan farashi kaɗai, kasonsa ya haura dala 12,000 tun shekara ba ta zagayo ba, littafin kuma ya ci gaba da tafiya har ƙarshen rayuwarsa.

Kamfanin Bliss ba ya kai littafi kanti. Gida-gida ake bi. Kafin a buga littafi sai a haɗa wani ɗan samfuri: 'yan shafuka, da zane-zane masu ɗaukar ido, da guntayen bango iri-iri, na yadi da na fata, a baya kuma ga fararen shafuka masu layi inda mai saye zai rubuta sunansa. Wakilai su ɗauki wannan samfuri su shiga ƙauyuka da gonaki. Idan sunaye sun taru sai a buga, a kai wa kowa nasa, a karɓi kuɗi, wakili ya cire kamashonsa. Amfanin tsarin a fili yake: kafin ka kashe kuɗin takarda ka riga ka san yawan masu saye. Amma yana da sharaɗi. Manomin da zai fitar da dala uku da rabi yana son ya ji nauyin abin a hannunsa, don haka dole littafi ya yi kauri, ya cika da zane. The Innocents Abroad ya haura shafi 600, da zane 234. Wannan ne ya sa za ka ga wasu littattafan Twain suna farawa da ƙarfi sannan su yi ta jan ƙafa. Life on the Mississippi na 1883 shi ne misali mafi bayyana. Babukan da ke ba da labarin koyon tuƙi, waɗanda aka fara bugawa a mujallar Atlantic a 1875, suna cikin mafi kyawun abin da ya taɓa rubutawa. Sauran kuwa, da yawa ciko ne don a kai adadin shafukan da wakilai ke bukata.

A Fabrairun 1870 ya auri Olivia Langdon, ɗiyar wani attajirin kwal na garin Elmira. Ɗansu na fari ya rasu da mashaƙo yana da wata 19, sun kuma haifi mata uku, Susy da Clara da Jean. Suka gina gida mai ɗaki 25 a Hartford, suka tare a 1874, ga barori, ga baƙi ba yankewa, a 1881 kuma aka kira kamfanin Louis Tiffany ya sake ƙawata cikinsa. Gidan ya ci kuɗi ƙwarai, amma shi kaɗai bai isa ya karya su ba.

Abin da ya fara tura shi neman zama ɗan kasuwa shi ne jin cewa ana cin guminsa. Kuma ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. The Adventures of Tom Sawyer ya fito a Ingila a Yunin 1876, bugun Amurka bai fito ba sai Disamba. A tsakanin nan wani kamfani a Toronto ta Kanada ya buga nasa ba izini, ya tsallako da shi iyaka yana sayarwa da araha, marubucin bai sami ko sisi ba. Babu dokar da ta hana, domin Amurka ba ta kafa dokar haƙƙin mallaka tsakaninta da sauran ƙasashe ba sai 1891. Har Montreal ya je ya zauna na ɗan lokaci a 1881 don ya kare wani littafinsa. Sannan da ya ga lissafin A Tramp Abroad a 1880, wanda aka yi yarjejeniyarsa a kan raba riba biyu, sai ya tabbatar wa kansa cewa Bliss ya daɗe yana danne masa. Ya koma wurin wani mai bugawa a Boston, James Osgood, wanda bai iya cinikin gida-gida ba, Life on the Mississippi bai yi kasuwar da aka zata ba. Sai ya ce to bari ya buga da kansa. A 1884 ya kafa Charles L. Webster and Company, ya ɗora mijin ɗiyar yayarsa a kai. Webster ɗin safiyo ne, ba ɗan harkar littafi ba.

Littafin farko na kamfanin shi ne Adventures of Huckleberry Finn, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Twain ya fi yin rubutu da bazara a gonar surukansa kusa da Elmira, cikin wani ɗan ɗaki mai kusurwa takwas da yayar matarsa ta gina masa a kan tudu. Yana da wata ɗabi'a: idan labari ya tsaya masa ba ya tilasta shi, sai ya ajiye, ya ce tankin ya ƙafe, a bar shi ya sake cika. Ya fara Huckleberry Finn a 1876, ya rubuta kimanin shafi 400 da hannu, ya ajiye, har ya rubuta wa abokinsa William Dean Howells cewa wataƙila ma ya ƙona shi. Dalilin tsayawar yana cikin taswira. Yaro Huck da bawa Jim suna gudu a kan wasu gungumen itace da aka ɗaure wuri ɗaya, ruwa kuma kudu yake gangarawa. Dabararsu ita ce su sauka a wani gari mai suna Cairo inda kogin Ohio ya haɗu da Misisipi, su bi shi zuwa jihohin da babu bauta. Hazo ya sa suka wuce mahaɗar. Daga nan duk tafiyar da suka ƙara, ƙara nutsawa suke cikin ƙasar masu bayi. Marubucin ya san Misisipi kamar tafin hannunsa, bai san Ohio haka ba, kuma bai ga yadda bawa mai gudu zai ci gaba da yin kudu labari ya yi ma'ana ba. Sai a 1883, bayan ya sake bin kogin a 1882, ya kammala.

Abin da ya sa littafin ya zama abin da ya zama shi ne murya. Yaron da bai yi karatu ba ne ke ba da labari da bakinsa, da karyayyen Turancin bakin kogi, kuma bai fahimci rabin abin da yake gani ba, mai karatu ne ke fahimta. An koya masa cewa taimakon bawa ya gudu sata ce kuma zunubi, ya yarda da hakan har zuciyarsa, amma a babi na 31 ya yayyaga wasiƙar da za ta tona asirin Jim yana mai imanin cewa wuta zai shiga. A ganina babukan ƙarshe, inda Tom Sawyer, abokin Huck, ya dawo ya mayar da 'yantar da Jim wasan yara, sun rage wa littafin daraja, kuma masu kare su ba su taɓa gamsar da ni ba. Har yau ana ce-ce-ku-ce a makarantun Amurka a kan kalmar cin mutuncin baƙar fata da ta bayyana a cikinsa sama da sau 200.

Ta fuskar ciniki kuwa ya bi tsarin Bliss sau da ƙafa. Ya umarci Webster kada a fitar da littafin sai sunaye sun kai 40,000. An sami tsaiko saboda wani ya ɓata ɗaya daga cikin zane-zanen da abin batsa a wurin bugu, dole aka janye aka gyara, aka rasa kasuwar Kirsimeti. Ya fito a Amurka a Fabrairun 1885. Wata guda bayan haka ɗakin karatu na garin Concord ya hana ajiye shi, wai harshensa na 'yan tasha ne. Twain ya ce wannan hani zai ƙara musu cinikin kwafi 25,000. Cikin 'yan watanni an sayar da kusan 50,000.

Littafi na biyu ya fi na farko. Janar Ulysses Grant, wanda ya jagoranci sojan Arewa a yaƙin basasa ya kuma yi shugaban ƙasa sau biyu, ya rasa dukiyarsa a 1884 sakamakon zambar abokin kasuwancinsa, ga kuma ciwon daji a maƙogwaro. Kamfanin Century ya yi masa tayin kashi 10 cikin 100 a kan tarihin rayuwarsa. Twain ya ce wannan raini ne, ya ba shi kashi 70 cikin 100 na ribar. Grant ya gama rubutun saura 'yan kwanaki ya rasu a Yulin 1885. Aka baza wakilai kimanin 10,000, da yawansu tsofaffin sojojinsa, suka shiga gidajen tsofaffin sojoji 'yan uwansu. An sayar da sama da saiti 300,000 mai juzu'i biyu. A Fabrairun 1886 aka miƙa wa matarsa Julia cekin dala 200,000, wanda ba a taɓa ba iyalan marubuci irinsa ba a lokacin, jimillar abin da ta samu kuma ta haura dala 400,000.

Wannan nasara ita ce mafarin ɓarna. Kamfanin ya faɗaɗa ofis da ma'aikata daidai da cinikin da ba zai maimaitu ba, domin Grant ɗaya ne, mutuwarsa kuma sau ɗaya ce. Suka buga tarihin Fafaroma Leo na 13 a 1887 da zaton kowane ɗan Katolika zai saya, abin bai yi kusa da zato ba. Suka ba mashahurin mai wa'azi Henry Ward Beecher kuɗin kafin alƙalami, ya rasu bai rubuta ba. Amma wanda ya fi tsotse su shi ne wani kundin adabin Amurka mai juzu'i 11 da suke sayarwa a kan biyan wata-wata. Dubi yadda kuɗin ke tafiya: ranar da wakili ya kawo suna, kamfani zai biya shi kamashonsa nan take, ya biya kuɗin takarda da bugu da ɗinki na juzu'i 11, ya kai wa mai saye kayan duka, sannan ya zauna jiran kuɗinsa suna ɗigowa wata bayan wata. Wato sun juya tsarin da ya yi musu arziki, inda kuɗi ke shigowa da zarar kaya sun isa hannun mai saye. A takarda riba ce. A aljihu kuwa, duk saitin da aka sayar sabon rami ne, kuma gwargwadon yawan ciniki gwargwadon zurfin ramin, sai a ruga banki a ciwo bashi mai ruwa na gajeren lokaci a cike. Marubucin da ya taɓa buga littafi da kuɗinsa a Kano ya zuba wa 'yan kasuwa bashi ya san wannan ciwon, kaya sun ƙare amma babu kuɗin sake bugu. A 1888 aka ture Webster, Fred Hall ya karɓa, amma ramin na nan.

Da kamfanin kaɗai ne, wataƙila da ya tsira, domin jarin da zai cike ramin yana nan. Sai dai duk ribar da ta shigo, Twain kwashewa yake ya kai wa na'ura.

Wani maƙeri mai suna James Paige ne ya ƙirƙiro ta. Twain ya fara sa kuɗi a 1880, a 1886 kuma ya ɗauki nauyin ƙera ta gaba ɗaya a masana'antar Pratt and Whitney da ke Hartford, yana biyan wajen dala 3,000 a wata. Na'urar tana yin ayyukan nan uku da muka ambata: mutum na danna madannai tana jera haruffan darma, tana daidaita layi da kanta, tana kuma mayar da tsofaffin haruffa gurabensu, duk a lokaci ɗaya. Ga wanda ya yi shekaru yana wannan aiki da yatsunsa, ganin ƙarfe na yin sa abin rikita hankali ne. A nan ne saninsa ya cuce shi. Ya auna na'urar da ma'aunin mai jera haruffa, ya ga ta kwaikwayi hannun mutum ba kuskure, bai tsaya ya tambayi ko ana bukatar kwaikwayon hannun ba.

Ottmar Mergenthaler, Bajamushen da ke zaune a Baltimore, ya yi wannan tambaya. Na'urarsa, Linotype, ba ta taɓa haruffan darma ko kaɗan. Ƙananan mazubai na tagulla take jerawa, ta cusa 'yan ƙarafa masu tsini tsakanin kalmomi su buɗa layin ya cika, ta kwarara narkakkiyar darma ta fitar da layi guda a dunƙule. Mazuban su koma ma'ajiyarsu, idan an gama bugu kuma a narkar da layukan a sake amfani da darmar. Babu wankin haruffa, babu mayar da su, kuma kullum da sabon harafi ake bugu. Jaridar New York Tribune ta fara aiki da ita a Yulin 1886, shekarar da Twain ya rattaba hannu a kan tasa yarjejeniyar.

Na'urar Paige tana da sassa kusan 18,000. Idan tana tafiya ta fi Linotype sauri, amma ba ta daɗewa tana tafiya. Harafin darma abu ne mai laushi, yana lanƙwasa, yana ɗaukar datti, yana karyewa, guda ɗaya ya maƙale komai ya tsaya, kuma mai iya gano inda matsalar take bai wuce Paige da yaransa ba. Gidan jarida kuwa ba gudun minti goma yake saye ba, so yake ya tabbata jarida za ta fito da asuba. Ga shi kuma Paige mutum ne da ba ya gama abu. Sau da dama ana shirin nuna ta ga masu zuba jari sai a tarar ya wargaza ta zai ƙara wani gyara. Kowace shekara da ya ɓata, gidajen jaridu na sayen Linotype suna horar da ma'aikatansu a kanta. Sai a ƙarshen 1894 aka kai ta gwaji na kwana 60 a jaridar Chicago Herald, ta yi ta karya haruffa tana tsayawa. Guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa. Adadin da aka fi ambata na abin da ta ci masa shi ne dala 300,000, ciki har da gadon matarsa.

Tun 1891 suka rufe gidan Hartford suka koma Turai inda rayuwa ta fi sauƙi. A 1893 tattalin arzikin Amurka ya rufta, bankuna suka daina sabunta bashi suka ce a biya. A wannan shekara ya haɗu da Henry Rogers, ɗaya daga cikin manyan kamfanin mai na Standard Oil, mutumin da ake tsoro a kasuwa amma mai son littattafansa. Rogers ya karɓi lissafin ya yi abin da ya kamata a yi tun tuni. Ya sa aka sayar da kundin nan mai juzu'i 11. Ya duba ya ga Olivia ta ranta wa kamfanin sama da dala 60,000 daga dukiyarta, sai ya tsaya kai da fata cewa ita ce kan gaba cikin masu bin bashi, aka mayar da haƙƙin mallakar littattafan mijinta da sunanta. Gidan Hartford dama da sunanta yake. Ranar 18 ga Afrilu 1894 kamfanin ya bayyana karyewarsa. Wannan mataki na haƙƙin mallaka shi ne ya ceci iyalin, domin da masu bin bashi sun karɓe littattafan a lokacin da kasuwa ta mutu, da an yi gwanjonsu a banza.

Bashin da ya rage wajen dala 80,000 ne. An daidaita a kan biyan rabi, doka kuma ba ta neman fiye da haka. Olivia ta ce sai an biya duka, shi ma ya shelanta hakan a jaridu. A Yulin 1895, yana da shekara 59, ga maruru a ƙafa, ya fara lacca daga Cleveland, ya ratsa arewacin Amurka zuwa gaɓar yammacin Kanada, ya hau jirgi zuwa Ostireliya, da New Zealand, da Silon (Sri Lanka a yau), da Indiya, da Afirka ta Kudu, matarsa da Clara na tare da shi. Ya hau dandamali fiye da sau 100. Ba karatu yake yi daga takarda ba. Haddace labaran yake yi ya faɗe su kamar yanzu suka zo masa, fuska a murtuke, yana jan magana, kuma ya ce duk sirrin yana ga sanin tsawon shirun da za ka yi kafin kalmar ƙarshe. Kuɗin da aka tara Rogers ake aika wa, shi ke riƙewa yana juya su.

Sun isa Ingila a ƙarshen Yulin 1896. Ranar 18 ga Agusta Susy, wadda aka bari a Amurka, ta rasu da sanƙarau a gidan Hartford tana da shekara 24. Iyalin ba su sake zama a gidan ba. Cikin wannan makoki ya zauna a Landan ya rubuta labarin tafiyar, Following the Equator, ya fito a 1897, kuma kamfanin iyalan Bliss ne ya buga shi a Amurka, gida-gida kamar da. Kuɗin laccar da na littafin suka haɗu, farkon 1898 aka biya kowa cif.

Ya koma Amurka a Oktoban 1900 ana yi masa kallon gwarzo, ya kuwa yi amfani da farin jinin wajen faɗin abin da ba a so. Abin da ya gani a Indiya da Afirka ta Kudu ya sauya masa ra'ayi a kan mulkin mallaka. Ya zama mataimakin shugaban ƙungiyar masu adawa da mamayar ƙasashe daga 1901, ya caccaki yaƙin Amurka a Filifin, a 1905 kuma ya fitar da ɗan littafi mai zafi a kan ta'asar Sarki Leopold na Beljiyam a Kwango. Ta wajen kuɗi, Rogers ya ƙulla masa yarjejeniya da kamfanin Harper a 1903 wadda ta tattara littattafansa wuri ɗaya ta kuma lamunce masa aƙalla dala 25,000 kowace shekara har shekara biyar. A Disamban 1906 ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokoki cikin farar kwat yana neman a tsawaita wa'adin haƙƙin mallaka, wanda a lokacin shekara 42 ne iyakarsa. Dokar 1909 ta mayar da shi 56.

Hali kuwa zanen dutse. Yana fita daga bashi ya sake zuba kuɗi a wani kamfanin garin madara mai suna Plasmon, reshensa na Amurka ya karye. Bambancin kawai shi ne wannan karon littattafan na hannun da ba zai iya jinginar da su cikin sauƙi ba. Olivia ta rasu a Florence ta Italiya a 1904, Jean mai fama da farfaɗiya ta rasu a jajibirin Kirsimetin 1909, shi kuma ya bi su ranar 21 ga Afrilu 1910 a Redding ta jihar Connecticut. An ƙiyasta abin da ya bari a kan dala 471,000, Clara ce kaɗai ta rage ta gada.